Bukkar Baba a Garhanga

Madawa

Ladan bai gama kiran asuba ba na ja ƙofa, na bar yarana biyu wurin maƙwabciya, na nufi tasha. Baba Alhasan, ƙanen mahaifina, shi ya kira ni a salula. Ya ce tari ya ci ƙarfin Baba har da jini, amma ya sake ƙaura cikin bukkarsa ta kara, an yi an yi ya ƙi fita. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko shi in kai shi likita ko yana so ko ba ya so.

Bukkar nan ta daɗe tana ba ni kunya. Mu Kirista ne. Baba ya karɓi addinin tun yana saurayi, shi kaɗai a danginsa. To kowace kaka, in an fara yankan gero wata ya cika, sai ya kafa bukka a bayan gida ya yi mako a ciki, wai Idin Bukkoki. Fastonmu ya taɓa ce mini a gaban mata idin Yahudawa ne, mu an sauke mana wannan kaya. Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce, buhunan albasa a ƙasa, mu a bisa. A shingen jandarma aka duba takardunmu, aka taɓa tampol ɗin da na naɗe a cinya, aka sake mu.

Buza

Ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya. A wata ƙorama duk muka sauka, maza suka tura, mu muka ratsa da takalma a hannu. Sai da rana ta take muka shiga Buza. Na sha fura a bakin kasuwa ba don ina jin daɗinta ba. Motar Keita, wadda ke bi ta Garhanga, sai ranar kasuwa, don haka na hau kabu-kabu. Mai babur ɗin, wani dogo mai surutu, da ya ji gidan da za ni sai ya ce ai duk yankin an san tsohon nan mai gidan laka da ke kwana a kara kamar mai gadin gona. Na ce masa ya dubi duwatsun gabansa, bakinsa ba shi ke tuƙi ba.

Garhanga

Da la'asar na isa. Baba Alhasan ya tarbe ni da carbi a hannu. Ashe shi ke sare karan ya kafa wa yayansa bukkar tun da ƙarfin Baba ya ƙare. Ya ce bai san kan abin ba, bai kuma son sani, amma ciki ɗaya suka fito.

Na duƙa na shiga. Wayyo, Baba ya zama ƙashi da fata. Rufin kuwa shara-shara, ana hango sama ta tsakanin kara, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Ban ko gama gaisuwa ba na fita na warware tampol na shimfiɗa a bisa, na danne da duwatsu. Sai na ji muryar Baba daga ciki.

"Saratu, ɗebe abin ga."

Na ce ba zan ɗebe ba. Na ce likita na zo kai shi, ya bar wa Yahudawa idinsu. Har da abin da fasto ya faɗa na zazzage masa, don raina ya gama ɓaci.

Ya bari na huce, ya sa na shigo na zauna. A hankali yake magana, tari na katse shi. Ya ce kakarsa baiwa ce a hannun makiyayan arewa. Tun tana yarinya take kafa wa wasu tanti tana kwancewa, ita kuwa bayan tantin take kwana. Da ta samu kanta ta gangaro nan da goyo, mai wata gona ya bar ta ta tara kara ta yi rumfa. Rufin farko da ta kira nata ke nan. Dangi suka yi gidajen laka, suka binne zancen, don in ya fito ko auren ɗiyarka sai ya gagara. Ni kaina, da shekaruna arba'in da wani abu, ban taɓa ji ba sai ranar.

Ya ce da ya iya karatu ya tarar Allah ya umarci waɗanda ya fisshe su daga bauta su koma bukka kowace shekara, don kada jikoki su yi gidaje su manta. Yesu ma ya je idin. Ya ce bai taɓa zaton bukka za ta cece shi ba, ya san wanda ya cece shi. Amma a coci ba wanda ya ba shi wurin da zai zauna da kakarsa, sai a nan.

"Sunanta Tassala. Alhasan ya sani, ba shi faɗi. In na tahi, wa za shi faɗi?"

Na fita na janye tampol. Baba Alhasan yana tsaye jikin rumbu, ya kau da kai. An yi yayyafi kaɗan, na rufa wa Baba zanena.

Ya yi mini alkawari in idin ya cika zai bi ni. Na zauna. Ina dama masa kunu, yana kurɓa biyu ya ture. Na roƙe shi safe da yamma, har kuka na yi, ya ce saura ƙiris. Ranar da idin ya cika na samo mota tun da safe. Kafin direba ya juyo da ita ƙofar gida, Baba ya cika, idonsa a rufin.

Maƙwabtansa Musulmi suka haƙa kabarin a gefen gona, ni na yi addu'a, don babu wani Kirista kusa. Har yau ban san ko da na ɗauke shi da ƙarfi ranar farko zai kai baɗi ba. Wannan tambaya tana cina.

Komawa

Da zan taho, Baba Alhasan ya kwance bukkar, ya ɗaure karan dami guda, ya ɗora a motar da kansa. Ya ce in gaida yara.

A shingen Madawa jandarma ya zunguri damin, ya yi dariya, ya ce Madan, kara ya ƙare a garinku ne? Na ce masa gadona ne.

Na iso gida da magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Baba Alhasan da mutanen Garhanga da suka rufa mini asiri. Na jingine damin a bayan ɗaki. Ƙaramar ɗiyata ta tambaye ni ko na hura wuta ne. Na ce a'a, ta kira yayanta su zo su zauna, akwai sunan da zan koya musu.