Rediyon da Ba Ya Tari

Tsohon rediyona tari yake yi. Da zarar hadari ya fara haɗowa, ko ido bai gan shi ba tukuna, sai muryar mai labarai ta riƙa shaƙewa. Na sha zaginsa, na sha marinsa. Amma da na ji tarin nan sai in saki abin da nake yi, in hau soro in kwashe shanya. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa. Gyaɗar gonarmu ita ce jarina na shekara.

Wata damina ƙanena ya zo daga Kano da wani ɗan akwati baƙi. Ya ce, "Yaya, wannan ba ruwansa da eriya, ta intanet yake kamawa." Ya haɗa shi da 'yar na'urar da yake zuba wa data, ya jona a sola, ya murɗa. Sai ga Barbarci tar, kamar mai maganar yana cikin ɗakin. Innarmu 'yar Barno ce, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake yi mini yaren nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Ranar na miƙa wa maƙwabciyata tsohon ta kan katanga. Na ce, "Ungo, ki ji da mai tarin nan."

Ta ce, "To uwar gayu. Da tsohuwar zuma dai ake magani."

Na ce ta sha zumarta ita kaɗai.

Na ji daɗin sabon nan, ba zan ɓoye ba. Ina tuya ina jin gaisuwar mutanen da ban sani ba, ina amsa musu. Kalmomin da na zaci sun bi Inna kabari suka dawo bakina.

Da kaka ta yi, kowa ya ce ruwa ya ɗauke. Na ɓare gyaɗar duka, na baza a kan soro ta sha iska. Bayan azahar na shige ɗaki, ana wata hira a sabon rediyon a kan yadda ake dafa dambun kifi irin na Inna. Murya garau, ko gezau. Ban ankara ba sai da na ji ruwa yana dukan ƙofa. Kafin in kai ga tsani, gyaɗata tana zubowa ta indararo, tana bin rariya. Abin da na tsira da shi funfuna ya yi, ko awaki sun ƙi.

Da yamma maƙwabciyata ta leƙo, nata barkonon yana ɗaki a bushe. Ta ce, "Tun hantsi yake tari, na zaci kin ji." Sai kuma ta ce, "Af, na manta naki lafiyayye ne."

Shekarar ban kunna wutar tuya ba, masu sayen maina suka koma wani gida. Maƙwabciyata ta ce in karɓi tsohon rediyona, na ƙi, ba na lashe amaina. Na yi da-na-sanin wannan girman kai fiye da na gyaɗar.

Har yau akwatin yana nan, ina kuma son sa. Sai dai duk ranar da na yi shanya, nakan rage muryar mutanen Inna, in ɗaga tawa ta kan katanga: "Yana tari?"