Tsagar da ke bayan rumbunmu

Shekarun baya, ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato sakandare, ta Dogon Dutsi, malaminmu ya shigo aji da jiƙaƙƙen bargo. Ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya bar gefe ɗaya yana reto. Muna kallo gefen nan ya riƙa jan sauran har bargon ya zube ƙasa. Ya ce haka ƙasan teku yake. Ɓawon duniya falle-falle ne. Wanda ya tsufa ya yi nauyi sai ya kutsa ƙarƙashin maƙwabcinsa ya nitse, yana jan sauran jikinsa, can inda ya rabu kuma narkakken dutse ya taso ya zama sabuwar ƙasa. Shi ma fallen da ke sama bai tsira ba: mai nitsewar yana ja da baya yana janyo shi, har ya miƙe ya yi siriri ya tsage. Kuma ba a baki yake tsagewa ba, can baya ne, bayan duwatsu masu aman wuta, har sabon teku ya buɗe a wurin.

Na tsorata, na ɗaga hannu na ce a nan fa? Ya yi dariya, ya ce ƙasarmu tsohuwa ce, ta daɗe da zama, kuma nesa take da waɗannan wuraren. Gaskiya ya faɗa.

Da hutun damina na koma ƙauyenmu, wajen Kore Mairuwa, na dami gida da labarin. Har zanen mahaifiyata na jiƙa na ɗora a kan turmi don su gani. Ina jin kaina kamar ni na gano abin.

Bayan gidanmu akwai kwari da ruwa ke ci kowace shekara, rumbunmu yana 'yan taku kaɗan daga bakinsa. Wata safiya bayan ruwan sama aka ga doguwar tsaga a ƙasa, tsakanin rumbun da danga. Rumbu ya zama yana ɓangaren kwari ke nan. Kakata ta kawo nono ta zuba a cikin tsagar, ta ce aljana doguwa ce ta ratsa. Ƙanin mahaifina, wanda ke kasuwanci a Dutsi, ya ce, “Inna, wanga shirka ce, ki bari.” Ta ce, “Da shirkar tau aka raine ka har ka yi gemu.” Suka yi ta yi. Ba wanda ya yi zancen rumbu sai mahaifiyata.

Ta kira ni da sunan da ake kiran 'yan boko, ta ce, “Ke 'yar lakwal, taho ki duba. Ba irin wadda kike faɗi ba ce?”

Na duƙa. Na ga ɓangaren kwari ya sauka kamar kaurin yatsa. Na tuna bargon malam, wallahi na tuna. Amma kowa yana jira na, har su kaka. Sai na miƙe na kaɗe hannu na ce wa mahaifiyata, “A'a Inna, wancan sai ƙarƙashin teku. Malam ya ce ƙasarmu ba ta motsi.”

Ta ce, “To madalla. Da cewa zan yi a kwashe hatsin.”

Aka cike tsagar da ƙasa aka daddale.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, mahaifiyata ta hau rumbun ɗauko dami. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji wata ƙara mai nauyi, tukwane suka kaɗa. Da na leƙa ta danga, babu rumbu, babu ƙasar da yake kai. Da hannu da hauya maza suka tono ta. Ƙugunta ya karye, ƙafar hagu ta murƙushe. A amalanke aka kai ta bakin hanya, daga nan mota zuwa likita. Hatsin kuwa ya tafi cikin laka.

Daga baya na gane ruwa ne ya cinye ƙarƙashin gaɓar, ba ruwan teku a ciki. Amma ba sai an je lakwal ba kafin a san ƙasar da ta tsage a bayan rumbu tafiya za ta yi. Mahaifiyata ta sani. Ni na hana ta, don kada a ce 'yar lakwal ba ta da amsa.

Yanzu da sanda take tafiya, tana jan ƙafar. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tuna mini ba, ta ce ƙaddara ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau idan na ga tsaga ko a jikin bango ne, aka tambaye ni, sai in ce, “Ban sani ba, amma ku tashi daga wurin.”