Ƙusar Dakta Laka

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Dakta Laka, sunan kuma ya bi ta har ofishin shugaban sashe. Ba sharri suka yi mata ba. Duk ranar Litinin da laka a bakin zanenta take shiga aji, takalmin roba na jefe a bayan mota, domin daga bakin kogi take. Injiniyar muhalli ce a jami'a, kuma shekara ashirin da huɗu tana bin tambaya ɗaya tak: ruwa nawa tashar wutar lantarki ke sha?

In ta faɗi haka mutane sukan yi dariya. Sai ta jawo kujera ta yi musu bayani, ko suna so ko ba sa so. Tashar tana dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya inji, sannan a sanyaya shi da wani ruwan da aka jawo daga kogi. Ba duka ke komawa ba. Farin hayaƙin nan da ke tashi daga hasumiyoyin tashar ruwan kogi ne ke tafiya sama. Mahaifinta ne ya fara nuna mata tun tana firamare. Mai kula da famfo ne a tashar, can ya yi aiki har ƙarar injina ta kashe masa kunne ɗaya.

Aikin nata ba na kwalliya ba ne. Takan auna tsayin ruwa kafin ya iso tashar, a jikin ƙafar gada, sannan ta gangaro inda manoman rani ke jan ruwa ta sake aunawa. A nan babu gada, sai wani baƙin dutse a bakin gaɓa. Da hannunta ta kafa ƙusar tagulla a jikinsa tana ɗauke da cikin 'yarta ta biyu, kuma daga kan ƙusar nan ake sauke kowane awo. Littattafanta goma sha bakwai cike suke da abu guda: ranar kaza, ruwa ya yi ƙasa da ƙusa da kaza. In ka cire ƙusar, babu wanda zai iya zuwa ya tabbatar da ko lamba ɗaya.

Sau uku kwamitin ƙarin girma na jami'a yana mayar da takardunta. Maƙala nawa ta buga bana? Ta ce kogi ba ya ba da amsa a shekara guda. Suka ce su ma kujerar farfesa ba ta jira. Tana ji tana gani waɗanda ta koya wa riƙon sandar awo suka wuce ta, wasunsu ma ba su taɓa jiƙa ƙafa ba, daga ofis suke kwafo lambobin da tashar ta ga dama ta fitar, su yi musu ado da zane-zane. Abin yana ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa. Maigidanta, tsohon malamin makaranta, shi ke shan faɗan a gida.

"Dakta, ni fa ban hana ki farfesa ba," yakan ce yana wanke mata takalmin roba a bakin famfo. "Ni ɗalibinki ne da ya ƙi gamawa."

Cikin duk ɗaliban da suka bi ta hannunta, Dogo ta fi so. Shekara uku yana riƙe mata sanda a cikin ruwa har ƙugu. Yaro ne mai kai, ba ya zagaye lamba don ta yi kyau, kuma ya kwaikwaye ta har wajen ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaba. A gidanta yake cin abinci, Mama yake ce mata. Da tashar ta ɗauke shi aiki a matsayin jami'in muhalli, ita ce ta rubuta masa takardar shaida, tana murna za ta sami ido a ciki.

Sai tashar ta nemi izinin ƙara manyan injina biyu. Aka kafa kwamitin sauraro. Nan fa Dakta Laka ta zage damtse, ta tattara aikin rayuwarta a rahoto guda. Ya nuna cewa a watannin rani tashar tana shan abin da ya zarce izininta nesa ba kusa ba, kuma kwatar da manoman ke jan ruwa tana ƙafewa sati biyar kafin lokacin da take ƙafewa a da. In aka ƙara injina, to sai dai su nemi wata sana'ar. Kwamitin ya ce madalla, zai turo masu awonsa su auna daga kan ƙusarta, in lambobi suka yi daidai a karɓi rahoton.

Litinin ɗin da ta biyo baya ta tarar da shingen kwano a hanyar dutsen. Mai gadi ya ce gyara ake yi. Ta yi faɗa, ta nuna katin jami'a, ko a jikinsa. Ta kira Dogo bai ɗaga ba. Ranar da ta haihu ma ƙaninta ta tura ya auna mata, amma wannan satin da na bayansa shafin ya zauna fari.

A sati na uku aka aiko mata da katin gayyata mai ruwan zinariya. Wai tashar ta gina sabon wurin awo na zamani don girmama ta.

Ta je. An kafa rumfa, an jera kujeru, har da masu ɗaukar hoto. A bakin gaɓa ga dandamalin siminti sumul, ga na'ura mai aika lambobi kai tsaye zuwa ofishin tashar, ga allon ƙarfe da sunanta ɓaro-ɓaro. Dutsen ne babu. Katafila ta farfasa shi an cike ramin da shi. Shugaban sashensu yana ta tafi, yana raɗa mata cewa wannan zai taimaka ƙwarai wajen ƙarin girma. Ji ta yi kamar ta shaƙe shi.

Ta kamo Dogo a bayan rumfa, cikin kwat, yana gumi.

"Zo nan. Kafin a taɓa alamar awo, me ake yi?"

"Mama, don Allah, akwai baƙi."

"Tambayarka nake. Me ake yi?"

Ya sunkuyar da kai kamar yana aji. "Ana ɗaukar tsayinta, a ɗora a kan sabuwar alama. Don tsohon awo ya haɗu da sabo."

"Ka ɗauka?"

Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa. Ta gani. Shi ma ya ga ta gani. Ashe bai iya bari katafila ta taɓa dutsen ba sai da ya kafa ma'auni ya rubuta lambar. Layi ɗaya ne, kuma da shi littattafanta goma sha bakwai za su tsaya da ƙafarsu.

"Ba ni."

"Mama, bari kwamiti ya gama zama tukuna. Wallahi bayan nan har gida zan kawo miki."

"Bayan nan in jiƙa in sha?"

Ya juya ya shige cikin manya. Da ɗan gari kan ci gari. Manajan tashar ko shekara zai yi yana zagaye kogin nan ba zai san ƙusa guda ce ke riƙe da maganar ba. Sai wanda ta tsayar a cikin ruwa ta nuna wa ƙusar ne zai sani.

Ranar zaman kwamiti ɗakin ya cika. Manoman sun zo, suna tsaye a baya don kujeru sun ƙare. Masu awon kwamiti suka ce sun je ba su sami alama ba, saboda haka ba su da abin da za su gwada rahoton da shi. Dakta Laka ta miƙe ta ce a tambayi jami'in muhallin tashar, akwai lambar a wurinsa.

Shugaban kwamiti, dattijo mai sanyin murya, ya dubi Dogo. "An ɗauki tsayin tsohuwar alamar kafin a fasa?"

"Ba a ɗauka ba, ranka ya daɗe. Ban san tana da muhimmanci haka ba."

Dattijon ya girgiza kai cike da tausayi. "To, rashin sani ya fi dare duhu. Dakta, ki yi haƙuri. An ce ma ɗalibinki ne. Sai a riƙa ƙara kula da abin da ake koya wa yaran nan."

Ta sha wulaƙanci iri-iri a rayuwar aikinta, ta haɗiye. Wannan ya ƙi wucewa. Ta buga tafin hannunta a tebur har kofin ruwa ya kife.

"Ya sani! Wallahi tallahi ya sani! Shekara uku ina koya masa. Ku ce maci amana na yaye, na yarda, amma ban yaye jahili ba!"

Aka ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Tana tsaye tana huci sakatare ya karanta abin da ya rubuta: an rasa alamar ne bisa kuskure, an jingine rahoton, an amince da ƙarin injina biyu. A bayan ɗakin manoman suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.