Rantsuwar da Nura Ya Hana Mahaifiyarsa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa, amma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba.

Yaya lauya ne, yana kuma koyar da masu karatun lauya. Abu ɗaya ya haɗa shi rigima da abokan aikinsa: ya kafe a kan kada a kira yaro lauya sai ya shekara yana zama a kotun alƙali, yana jin yadda manoma ke shari'a da Hausa. Suka ce ɓata lokaci ne. Ya rubuta, ya sake rubutawa, har ya koma ga Allah ba wanda ya tanka masa.

Bana wani maƙwabci ya haye gonar da Yaya ya mallaka wa matarsa, Hajiya Binta, a Batagarawa. Geron gonar nan shi ke riƙe da gidan. Ɗansu Nura, wanda ya gama makarantar lauyoyi bara, ya tsaya wa mahaifiyarsa. Yaron akwai kai, Turanci kuwa ba a magana. Shaida ɗaya ya rage musu a raye, sai alƙali ya ce Hajiya ta cika da rantsuwa. Nura ya raɗa mata kada ta yi, wai shari'a hujja ce, ba rantse-rantse ba. Shekara shida yana karatu, ba wanda ya taɓa kai shi ya ga cewa in ka ƙi rantsuwa a gaban alƙali, abokin shari'arka ake miƙa wa. Mutumin ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya tafi da gona.

Da Yaya na nan, na san ba Nura zai yi wa faɗa ba. Waɗanda suka sanya masa baƙar riga suka tafa masa zai tambaya: me kuka koya wa yaron nan?

Mun ɗaukaka ƙara, amma duk babban lauyan da na kai wa takardun sai ya girgiza kai. Damina ta matso, kuma wallahi ban san abin da gidan zai ci baɗi ba. Nura ya daina zuwa kotu. Na same shi a shagon abokinsa a Babbar Kasuwa yana auna yadi, na ce ya daure ya koma.

Ya ce, "Baffa, ta riga ta miƙe za ta yi alwala fa. Ni na ce ta zauna."

Na kama hanyar gida. Ina ta neman abin da ya saura na Yaya, ban samu ba sai wannan: gaskiya ya faɗa, kuma a kan matarsa da ɗansa ta tabbata. Allah Ya jiƙansa.