Finjalin da Abu Nayif Ya Ajiye a Ƙasa

Duk garinmu babu wanda ya kai Miflih Abu Nayif sauraron labaran duniya, kuma ba son siyasa ne ya sa shi ba. Tsoro ne. Idan rediyo ta ce shugaban wata ƙasa ya gasa wa na wata ƙasa magana, mu sai mu ce Allah ya kyauta, mu ci gaba da shan shayinmu. Shi kuwa nan take zai shiga tuno abin da waccan ƙasar ta kawo garin nan, don ya san wanne ne zai tsaya.

Kada a ce ya cika zaƙewa. Mu da ke bakin hanyar hamada a kudancin Jodan haka muka tashi. Wandon farko da Miflih ya sa, da buhun fulawar agaji mahaifiyarsa ta ɗinka masa, rubutun Turawa ɓaro-ɓaro a mazaunai, yara na binsa suna karantawa. Makarantar da ya ɗan leƙa wata ƙasa ce ta gina, tankin ruwa wata, kowanne da allonsa mai tutoci biyu. Wata shekara manya suka saɓa a kan wani yaƙi da ba namu ba, sai ga ƙanensa da ke aiki a ƙasar masu arzikin mai ya dawo da katifa ɗaure a kan mota. Tun ranar Miflih ya gane cewa idan aka ɓata rai a wani ɗakin taro mai nisa, a tukunyarsa abin yake ƙarewa.

Sana'arsa zuba gahawa a zauren baƙin Shehu Mamduh, shugaban garinmu. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa. Shi ke soya 'ya'yan, shi ke dakawa, kuma daga ƙarar turminsa muke sanin an yi baƙi. Buta a hagu, finjali a dama, ya ɗiga ɗan kaɗan a gindin finjalin, ya tsaya ƙiƙam har baƙo ya girgiza hannu alamar ya ƙoshi. Mai zuba gahawa ba ya zama, ba ya sa baki. Wannan ya yi wa Miflih daidai, don shi ko akuya ce ta harare shi sai ya sauya hanya.

Abu ɗaya yake tsoro a aikin, wato baƙo ya karɓi finjali ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Ya sha gani wajen neman aure da wajen sulhun jini. Da zarar finjali ya taɓa darduma, zaure ya yi tsit, don kowa ya san baƙo ya zo da buƙata, kuma gahawar za ta yi ta hucewa a gaban jama'a har sai mai gida ya ce, “Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu.” Wanda ya furta wannan ba ya janyewa, ko da zai sayar da raƙumansa duka. Duk lokacin da hakan ta faru, Miflih ke fin kowa zufa, alhali ba ruwansa a ciki.

Matarsa Wadha 'yar baffansa ce, kuma duk bakin da Allah ya hana shi ita ya ba.

“Kashe rediyon nan, ɗan baffa,” take cewa. “Kai ne ministan harkokin waje? Wanda ko kazar maƙwabta ba ya iya kora!”

“Ummu Nayif, an ce sun janye jakadansu.”

“To, su janye har da takalmansa. Zo ka ci abinci.”

Tana wannan tsiyar ne tun kafin ƙodarta ta gaza. Da ta gaza, rayuwarsu ta koma kan ɗan asibitin bakin gari, inda ake da na'urorin wankin ƙoda guda uku. Wata ƙasar Turai ce ta kawo su, ita ke aiko da robobi da matatun da ake sauyawa. Wani asusu na Larabawan Tekun Fasha ke biyan wuta da albashin ma'aikata. Sau uku a mako Miflih ke riƙo hannun Wadha su taka a hankali, ya zauna a benci yana kallon jininta na fita yana komawa, yana addu'a kada a ɗauke wuta. In babu wannan asibitin, sai motar haya zuwa birni, tafiyar rabin yini, ga mace da ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa bayan wanki sai ta dafa bango.

Sai rediyo ta faɗi abin da ya daɗe yana jira. An yi wata ƙuri'a a wani babban taro, gwamnatinmu ta ɗaga hannu inda ba a so, Turawan suka ce za su sake duba agajinsu. Masu asusun kuma suka ce ba za su biya wutar na'urar da ba ta da matatu ba. Miflih ya tare ma'aikaciyar jinya a ƙofa. Ta ce abin da ke ɗakin ajiya zai kai ƙarshen sanyi, bayan nan Allah masani. Ranar bai iya cin komai ba.

Ana cikin haka aka ce jakadiyar waccan ƙasar Turai da wakilin asusun za su zo tare su ga asibitin, su ci abincin rana a zauren Shehu. Shehu Mamduh ya tara mu ya ja kunne.

“Daga ma'aikatar gwamnati an bugo mini. Babu roƙo, babu koke. Wanda ya kunyata ni a gaban baƙi, ni da shi ne. Abu Nayif, kai ban da damuwa da kai.”

“Ranka ya daɗe,” in ji Miflih. Aka yi dariya, har da shi.

Ranar ta zo da motoci da 'yan sanda da mai ɗaukar hoto. Jakadiyar doguwa ce mai furfura, mai yawan fara'a, irin baƙin da ke son su taɓa komai da hannunsu. Wakilin asusun kuwa ya sha alkyabba mai bakin zinari, carbinsa na ƙamshin turare. Tsakaninsu tafinta ya zauna, Ustaz Jiryis, mutumin Amman da ya tsufa yana tausasa maganganun manya. Miflih ya zagaya da buta, ko ɗigo bai zubar ba. Kowa ya sha, kowa ya girgiza. Miflih ya fara godiya ga Allah a zuci.

Sai jakadiyar ta miƙe ta nuna butar. Ustaz Jiryis ya ce tana so ta gwada zubawa, wai mutumin da ya shayar da kowa ya kamata shi ma a shayar da shi. Kafin Miflih ya san abin yi ta karɓe butar, da hannun dama ma, ta cika finjali har baki kamar mai ba jaki ruwa, ta miƙa masa. Zaure ya ɗauki dariya da tafi, mai hoto ya durƙusa.

Tunda aka haife shi ba a taɓa zuba masa gahawa a zauren nan ba. Finjalin na ƙona masa yatsu, ta ƙofa kuma yana hango rufin asibiti. Har yau in ka tambaye shi ko da niyya ya yi, cewa yake bai sani ba. Abin da muka gani shi ne ya sunkuya ya ajiye finjalin a kan darduma, a gaban takalmanta.

Dariyar ta mutu a bakin kowa.

“Abu Nayif,” in ji Shehu, murya ƙasa-ƙasa, “ɗauki finjalinka.”

Miflih ya so ya ɗauka, wallahi ya so. Yana ganin aikinsa ya tafi, yana ganin 'yan sandan ƙofa sun juyo. Amma bayansa ya ƙi sunkuyawa. Ustaz Jiryis ya yi wa jakadiyar wata gajeriyar magana yana murmushi. Ita ma ta yi murmushi, ta yi wa Miflih nuni da hannu zuwa baki.

“Ta ce ka sha,” in ji tafintan da sauri. “Sha mana, bawan Allah, mu wuce wurin.”

Daga bayan zaure aka fara raɗa, “Ta ce ya sha! Ta ce ya sha!” Wani tsoho har ya ɗaga hannu yana hamdala. Da Miflih ya kurɓa a lokacin, da ya fita gwarzo, garin nan duka ya kwana da murna.

“Ustaz,” ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba, “me ka gaya mata?”

“Na ce ta yi maka zafi, kana jira ta huce.”

“To, ai ba ta san abin da ta ce ba ke nan. Don girman Allah ka gaya mata yadda yake. Ka ce matata ce. Ka ce na'urar wankin nan ta tsakiya, ita ce tata, kada a bari ta tsaya.”

Tafintan ya dubi Shehu. Shehu ya dubi rufi. Sai Ustaz Jiryis ya share goshi ya yi bayani mai tsawo, muka ga fara'ar matar tana zagwanyewa. Ta dubi finjalin, sannan ta yi magana.

“Ta ce abin ba a hannunta yake ba,” in ji tafintan. “Majalisar ƙasarta ce ke yankewa. Ta ce za ta kai maganarka, amma ba za ta ce maka sha ba, don kada ta yi maka ƙarya a gaban mutanenka.”

Miflih ya juya ga mai alkyabba. Shi dai ba ya buƙatar tafinta, a gidan ubansa ma haka ake yi. Wakilin ya ja carbinsa, ya yi murmushi mai kyau.

“Allah ya ba ta lafiya, ɗan'uwa. Amma ka ga ba ni na zuba ba.”

Ni dai gaskiyar matar ta fi mini daɗin ji a kan ladabin mutumin, ko da yake babu ɗayansu da ya wanke ƙodar kowa. Aka kawo farantan shinkafa da naman rago, aka ci kamar a gidan makoki. Da baƙin za su fita, kowannensu ya kewaye finjalin da ƙafa.

Shehu Mamduh ya zagi Miflih tas, ya ce ya zubar masa da mutunci a gaban ƙasashe biyu. Amma bai kore shi ba, kuma da wani ya sunkuya zai ɗauke finjalin, sai ya daka masa tsawa. Ya ce ba a amsa ba tukuna, don haka babu mai ikon ɗagawa. Haka finjalin ya zauna a wurin, gahawar ta bushe ta zama baƙin zobe, Miflih na share kewayensa kowace safiya. Sabon tsoro kuma ya same shi a kan na da. Kullum yana tambayar kansa ko shi ne ya ƙarasa ɓata lamarin, ko da ya yi shiru da an manta da ɗan asibitinmu an bar shi yana aiki. Ƙarar kowace mota sai ya leƙa waje.

Jakadiyar ba ta dawo ba, mun ji an mayar da ita wata ƙasa. Sanyi na ƙarewa aka lulluɓe na'urorin da zannuwan gado, aka sa kwaɗo. Allon asibitin mai tutoci yana nan. Miflih da Wadha suka shiga bin motar birni, ta tafi a zaune ta dawo a kwance a kafaɗarsa, shi kuma yana kasa kunne ga numfashinta a duk ramin da motar ta faɗa. Rediyon ma ya daina kunnawa.

Wata safiya da ba ranar wanki ba, Wadha ta ce ya je ya ɗauko finjalin.

“Shehu ya hana, Ummu Nayif.”

“Ka ce ni na aike ka. In yana da magana ya zo ya same ni.”

Shehu ya bar shi ya ɗauka. Wadha ta wanke finjalin da kanta, ta sa Miflih ya zauna a kan katifar baƙi, ta ɗauki buta da hagu yadda ya dace, hannunta duk tabon allura. Ta ɗiga masa ɗan kaɗan.

“Turawa ba su iya zubawa ba,” ta ce. “Karɓi na 'yar baffanka. Shekara da shekaru kana shayar da ƙattin banza, kai ba a shayar da kai.”

Ya karɓa. Ya dubi fuskarta da ta kumbura, da idanunta da suka yi rawaya. Sai ya ajiye finjalin a ƙasa.

“Au, ni ma?” ta ce, tana ƙoƙarin dariya. “To faɗi. Me ka zo nema?”

“Kada ki riga ni tafiya, Wadha. Ina jin tsoro.”

Ta buɗe baki, ya ga kalmar “sha” ta zo har leɓenta. Matar da ba a taɓa rufe wa baki ba a garin nan ta yi shiru, ta ajiye butar a hankali, ta zauna kusa da shi har kafaɗarta ta taɓa tasa.

“Kai dai, ɗan baffa,” ta ce, “ka cika roƙon mutane abin da ba ya hannunsu.”

Suka zauna suna kallon tururin har ya daina tashi.