Mzee Rabuor da Tsofaffin Kantoci

Shekara ashirin da shida Mzee Rabuor, wato dattijo Rabuor, ya yi yana gyaran kujerun wata kwaleji a Kisumu, birnin da ke bakin wani babban tafki. Daga aji huɗu na firamare ya bi kawunsa koyon aikin kafinta, da zarto da guduma ya aurar da 'ya'ya mata uku. Wuninsa a sito yake yi, inda aka jibge tsofaffin kantocin ofis, irin waɗanda ake harhaɗawa a kuma warware.

Wata Talata sai ga ɗalibai biyar masu koyon zayyana kayan ɗaki, wata doguwa mai suna Akoth a gaba. Ta ce malaminsu ya ba su kantocin. Za su mai da su ɗan ɗaki da matan kasuwar Kibuye za su riƙa shiga su shayar da jarirai, in an tashi kasuwa a naɗe shi.

Ya duba zanen, ya girgiza kai. "'Yata, wannan ɗaki ne ko tarkon ɓera? Iskar tafki tana busowa zai kwanta."

"Haba Mzee, kwamfuta ce fa ta auna."

"To, kwamfutar ta zo ta riƙe muku."

Suka yi dariya, suka ci gaba da abinsu. Da suka kafa ɗakin a fili, Akoth na jingina ya zube rugum. Mzee ya ɗauko kayan aikinsa. Ya fere wasu 'yan turakun katako, ya nuna musu yadda kanta za ta ciji 'yar'uwarta ba tare da ƙusa ba. Sati biyu suka yi tare, suna cin ugali, wato tuwon masara, da soyayyen kifi a kan katako ɗaya. Shi ma ya ƙaru, don bai taɓa zaton murfin kabad zai zama benci ba.

Ranar da aka kai ɗakin kasuwa, wata mai tumatir ta shiga da goyonta ta ƙi fitowa, wai ta samu gida.

Daga baya kwalejin ta roƙe shi ya riƙa koyarwa duk Alhamis. Ranar farko ya sa kwat ɗin aurensa, ga shi ta matse shi a hammata, ya tsaya gaban ɗalibai talatin. Da ya rasa ta cewa, sai ya miƙa wa kowa guntun katako. Har yanzu haka yake fara darasi. Bana kuma masu sayar da kifi sun aiko a yi musu nasu ɗakin.