Gwangwanin Madara a Na'urar Hindatu

Laraba: Gummi zuwa Bukkuyum

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na ɗora akwatin katako a ka na nufi tasha. Hajara maiɗakina ta biyo ni har zaure da ƙullin soyayyen kifi tana mita, wai mutum da furfurarsa zai rufe shago kwana uku saboda wasan yara, kuma ko sisi ba za a ba shi ba. Ba ƙarya ta yi ba. Ni gyaran rediyo da waya nake yi a kasuwar Gummi, ban taɓa ganin gasar mutum-mutumi ba ko a talabijin.

Malama Rifkatu ce ta jefa ni ciki. Malamar kimiyya ce 'yar Zuru, ta daɗe tana koyarwa a garinmu, kuma duk rediyon da ta kawo sai ta tsaya a kaina tana tambayar abin da ya ƙone. Ta ce wata ƙungiya za ta haɗa 'yan sakandare gasa a Gusau ranar Asabar ta sama, ana neman masu aikin sa kai. Na ce ta rufa min asiri da wannan suna, a ƙasar nan in ka ce kai ɗan sa kai ne sai a tambaye ka ina bindigarka. Ta yi dariya ta miƙo min takardu.

Aikina shi ne in zagaya makarantu biyu kafin ranar, in duba abin da yara suka ƙera. Dole na'ura ta shiga akwatin nan murfi ya rufu. Dole ta ɗaga ɗan bulon katako ta ɗora kan benci ba ta kife ba. Sharaɗi na uku, kada a sami abin da zai cutar da mutum a jikinta. In na sa hannu yara su tafi Gusau, in ban sa ba sun zauna gida.

Bas ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Naira ɗari huɗu, akwati kuma ɗari, ko da yake babu komai a cikinsa. A fadama ana ta yankan shinkafa. A shingen farko soja ya sa na buɗe akwatin, ya leƙa, ya ga wayam, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Da ya sami wani abu a ciki da ya fi masa daɗi. Na yi ta bayani har direba ya gaji ya ce masa, “Oga, bar shi, ɗan boko na.” Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kirana haka ba.

Mun shiga Bukkuyum wajen tara. Na'urar yaran can ba ta yi kama da mutum ba ko kaɗan, akwatin sabulu ne da tayoyin motar wasa da hannu guda na alminiyam. Hannun ya zarce akwatina da yatsa biyu. Muka aro zarto wajen mai walda muka rage shi, ta ɗaga bulo tana makyarkyata kamar tsohuwa mai zazzaɓi, ta ajiye. Na sa hannu. Na fito ina jin kaina wani ne, na sha fura da nono ta naira hamsin a gindin dalbejiya.

Laraba da yamma: Anka

Ƙarfe biyu na sami mota, ita ce ta ƙarshe, domin direbobi sun daina bin hanyar in la'asar ta yi. Duk inda muka zo kwana mai duhuwar itatuwa sai direba ya taka mota, kowa ya shiga salati a ransa. Mun wuce wata ruga da aka tashi, bukkoki a tsaye babu ko kaza. Matar da ke kusa da ni ta juyar da kai har muka wuce.

Huɗu da kwata muka sauka Anka. Malam Lawali, malamin da ke kula da 'yan gasar makarantarsu, ya tarye ni ya kai ni ɗakinsa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Muna ci ya gaya min na'urarsu ba ta makaranta, don ajin ba shi da ƙofa. Tana gidan Hindatu, shugabar 'yan mata ukun da suka ƙera ta, a wani ƙauye kan hanyar Abare.

Ya ce in na je in yi hankali da bakina gaban mahaifinta, Malam Bawa. A shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara, lokacin da ake kai dutsen zinari cikin gida mata suna daka shi a turmi, ya binne 'ya'ya biyu cikin mako guda. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidan, suka zuba sabuwa. Tun ranar ya rantse dutse ba zai ƙara shiga gidansa ba, ya koma noman gero. Da ƙyar ya bar Hindatu ta ci gaba da karatu, kuma sai da Malam Lawali ya yi sawu huɗu kafin ya yarda da zuwa Gusau.

Alhamis: ƙauyen su Hindatu

Bakwai na safe muka hau babur, Malam Lawali yana tuƙi, ni a baya rungume da akwati. Minti hamsin muka yi cikin yashi da kwazazzabai. Kafin gari muka wuce inda aka mayar da injinan niƙan dutse, nesa da gidaje, samari sun yi fari fat har gira.

Malam Bawa yana gona. Innar Hindatu ta yi mana izini muka shiga, aka shimfiɗa tabarma. Tsakar gidan jar ƙasa ce mai laushi, a share tas, daban da ta waje. Wani yaro mai suna Sa'adu, autan gidan, yana ta rarrafe a kanta, duk abin da ya tsinta sai baki.

Hindatu ta fito da na'urar daga ƙarƙashin gadon Innarta. Ba za ta wuce shekara goma sha shida ba, ba ta da yawan magana. Amma aikin hannunta ya ba ni kunya. Ni da nake liƙa waya shekara ashirin, ban ga inda zan gyara mata ba. Na'urar ta shiga akwati har da sarari. Da aka kunna ta sai ta tafi sumul, ta ɗaga bulo ta ɗora kan kujera 'yar tsugunno, ko gezau. Sa'adu ya bi ta da rarrafe yana ƙyalƙyala dariya, Inna ta ce kullum haka suke yi da yamma, wata biyu ke nan.

Na riga na zaro biro. Abin da ya tsayar da ni son sani ne kawai irin na masu gyara: yaya abu ƙarami haka bai kife ba? Na ɗaga ta, na ji bayanta da nauyin da bai dace da girmanta ba. A can ƙasa an ɗaure ƙaramin gwangwanin madara da roba, an toshe bakinsa da tsumma. Na taɓa tsumman. Wani gari mai toka-toka ya maƙale min a yatsa, yana ƙyalli kamar kwalli.

Na tambaye ta mene ne. Ta ce da farko yashi ta zuba, bai yi nauyi ba, na'urar ta yi ta kifewa. Babban dutse kuma ba zai bari murfin akwati ya rufu ba. Sai ta tuna abin da kowa ya sani a garin, babu abin da ya kai garin dutsen zinari nauyi. Ta je wajen injina ta ɗebo cikin gwangwani, ta toshe da kyau.

Na juya gwangwanin. Gindinsa ya yi tsatsa, akwai ƙaramar ɓula. Na dubi jar ƙasar nan inda na'urar ta bi, na ga siririn layi mai toka-toka daga tabarma zuwa kujera. Hannun Sa'adu yana kai.

Ban san lokacin da na sure yaron na miƙa wa uwarsa ba. Inna ta dubi yatsana, ta dubi ƙasa. Ita ba ta buƙaci bayani ba, ta san launin. Ta zauna daɓas riƙe da yaron.

Muka fito zaure ni da Malam Lawali, Hindatu ta biyo mu ta durƙusa.

“Baba, don Allah kak ka hwaɗi ma kowa. In zubar da shi yanzu, in share wurin. In Babanmu ya ji, na gama makaranta.”

Na ce, “Ɗiyata, shara ba ta fidda wannan. Wata biyu yaron ga na cin ƙasar ga.”

“Lahiya lau yake. Ka ga yana dariya.”

Inna daga ciki ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, “Su ma dariya su kai har ranar da sunka fara sanƙarewa.”

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Takardata ba ta ce in kai rahoton gidan kowa ba. Da na cire gwangwanin na sa hannu na hau babur, babu wanda zai tuhume ni, yarinyar ta je Gusau, wataƙila ma ta ci. Malam Lawali ya kafe ni da ido, na ga shi ma abin da yake so ke nan, ba zai dai iya faɗa ba. Amma kankare tsakar gida aiki ne na mutane da shebur, ba a yin sa a ɓoye wa mai gida, haka ma ɗibar jinin yaro.

Muka jira Malam Bawa. Ya dawo wajen sha ɗaya da lauje a kafaɗa, dogon mutum marar jiki. Na ce zan faɗa da bakina, tunda ni na gani. Ya saurara har na gama, ya karɓi gwangwanin ya auna nauyinsa a tafin hannu. Na yi zaton zai yi faɗa ko duka. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dubi Malam Lawali ya ce, “Malam, ni na hana dutse shiga gidana. Boko ya maido min shi.” Na yi ƙoƙarin cewa yarinya ce, ba da gangan ba ne, kuma kanta yana ja. Ya ce ya sani, ya gode.

Ƙarfe sha biyu muka kama hanyar Anka, babur biyu. Inna da Sa'adu da Malam Bawa a ɗaya, mu a ɗaya da na'urar cikin buhu. Hindatu ba ta fito ba. A asibiti wata ma'aikaciya ta ɗebi jinin yaron, ta rubuta sunan ƙauye da gidan, ta karɓi gwangwanin cikin leda biyu. Ta ce in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci.

Da la'asar muka wanke na'urar a bayan makaranta. Na je wajen bakanike na roƙi tsofaffin noti guda shida, muka ɗaure su inda gwangwanin yake. Sauran 'yan matan biyu suka kunna ta. Ta ɗaga bulo ta ajiye, ba ta kife ba. Noti shida, irin waɗanda nake zubarwa a bayan shagona. Na sa hannu, ina jin kamar in yi kuka.

Juma'a: komawa gida

Shida da rabi na bar Anka a ƙaramar mota, mu shida a baya har da akuya. Naira ɗari takwas kai tsaye zuwa Gummi. Sojan nan na shingen ya gane ni, ya tambaya ko har yanzu akwatin wayam yake. Na ce har yanzu.

Muna gab da shiga gari Malam Lawali ya kira. An riƙe Sa'adu a asibiti, za a fara ba shi maganin da ke fitar da gubar. Ma'aikaciyar ta ce gara da aka kawo shi yanzu, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Za a je a sake kankare gidan. Malam Bawa kuma ya aiko a kwaso littattafan Hindatu daga aji.

Na isa ƙofar gida sha ɗaya saura. 'Yata ƙarama ta taho da gudu za ta rungume ni, na daka mata tsawa ta tsaya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na sa Hajara ta kawo bokiti da sabulu waje. Na wanke akwatin, na wanke takalmi, na tuɓe riga a zaure, sannan na shiga. Hajara ta dube ni, ba ta ƙara maganar wasan yara ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Lawali da tuwonsa da baburinsa, da direbobin da suka bi hanyar nan da mu. Malama Rifkatu ta zo da yamma ta ce na yi daidai, sannan ta gaya min sauran aikina. Ranar Asabar ni zan tsaya bakin ƙofar zauren gasa in riƙa kiran yara daga takarda, kowa ya amsa ya shiga. Na duba takardar Anka da na sa wa hannu. Sunan Hindatu ne na farko, da rubutunta.